Neman kalma: me za mu kira “patch” na makaɗan fiyano da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe da masu taɓa fiyano. Akwai wata kalma da ta daɗe tana yawo a bakinmu ba mu raɗa mata sunan gida ba, ina so mu zauna a kanta yau. Kalmar ita ce “patch”. Duk wanda ya taɓa riƙe fiyano a ƙungiyar makaɗa masu raya tsofaffin waƙoƙin rok, wato masu hawa dandamali su kaɗa waƙoƙin wasu yadda aka san su a faifai, ya san galibin wahalarsa a kan wannan abu take ƙarewa. A baya wani malamina ya kawo “murya”, wani ƙanena kuma ya ce kowa “saiti” yake cewa. Ni abin da na kawo shi ne “haɗin amo”, a taƙaice “haɗi”. Ga dalilaina, ku duba, inda ya karkace ku miƙe shi.

Mu fara sanin abin da ake nufi. Makaɗi zai zauna gaban fiyanonsa ya zaɓi tushen amo, ya rage kaifinsa ko ya ƙara, ya tsara yadda zai tashi in an danna maɓalli da yadda zai mutu in an saki, ya sa masa amsa-kuwwa daidai gwargwado, ya daidaita ƙarfinsa. In ya gamsu sai ya adana duka a ƙarƙashin lamba guda, ya ba shi suna. Ranar wasa yana danna lambar, komai ya dawo yadda ya bar shi. Wannan abin da aka adana shi muke nema wa suna.

Hanya mafi kusa ita ce mu ce “faci”, tunda dama kalmar Ingilishin ce Hausa ta ara tun tuni ta gyara mata zama. Sai dai an riga an ba ta aiki. Faci na taya ne da riga, abin da ya ɓule ko ya yage ake yi wa. Ka ce wa mutum ka kwana kana yi wa fiyano faci, abin da zai fara tambayarka shi ne ina ya fashe.

Su masu kalmar ma daga wayoyi suka samo ta. Manyan na'urorin ƙirƙirar amo da Robert Moog ya fara ƙerawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1960 sassa-sassa suke zuwa. Wannan sashe ya haifi amon, wancan ya tace shi, wani ya tsara tashinsa da faɗuwarsa, kuma babu abin da zai fito a lasifika sai makaɗi ya ɗauki gajerun wayoyi ya jona wannan da wancan da hannunsa. Yadda aka jona wayoyin shi ne amon, sauya waya ɗaya ka sauya komai. Makaɗin rok Keith Emerson ya riƙa hawa dandamali da irin wannan jibgegiyar na'ura, wayoyi na reto a gabanta. Da Minimoog, ƙaramar na'urar Moog, ta fito a 1970 an ɓoye wayoyin a ciki, amma ba ta iya tuna komai, sai makaɗa su riƙa zana matsayin kowane abin murɗawa a takarda don kar haɗin ya ɓace musu. Sai a 1978 Prophet-5 ta Dave Smith ta zo da ƙwaƙwalwar da ke riƙe guda 40. Wayoyin sun tafi, sunan ya zauna. To asalin aikin dai haɗa wannan da wancan ne, kuma Hausa tana da kalmarsa a hannu, ba sai mun je aro ba.

Malamina da ka kawo “murya”, Allah ya ƙara basira, hujjarka mai ƙarfi ce, don kamfanin Yamaha ma da ma'anar murya yake kiran abin a fiyanoninsa da yawa. Amma duba wurin da za a yi amfani da kalmar. Ana tsakiyar gwaji, mawaƙi na tsaye da makirufo, wani ya ce “a rage murya”. Wa zai rage? Ga kuma wani cikas: makaɗan fiyano sun riga sun kama “murya” don ƙidayar maɓallan da na'ura ke iya furtawa a lokaci guda. Minimoog murya ɗaya gare ta, Prophet-5 biyar, daga nan ma lambar sunanta ta fito. In muka ce na'ura mai murya biyar tana adana murya arba'in, mun ɗaure kanmu.

Ƙanena da ka ce kowa “saiti” yake cewa, gaskiyarka, ni ma ina ji a bakin mutane. Matsalarta faɗi. Saitin ganguna saiti ne, kayan sautin da aka ɗauko gaba ɗaya saiti ne, jerin waƙoƙin da za a kaɗa kafin hutu ma wasu saiti suke ce masa. Kalmar da ke ɗauke da kaya uku a dandamali ɗaya kar mu ɗora mata na huɗu. Aikatau ɗin “saita” kuwa yana nan da amfaninsa, mutum zai saita haɗinsa.

Dalilin da ya sa na ce amo ban ce sauti ba: “haɗa sauti” aikin mai zama gaban na'urar situdiyo ne, wanda ke daidaita ganga da jita da murya su zama waƙa ɗaya. A bar masa kalmarsa. Amo kuwa shi ne abin da kunne ke gane kayan kiɗa da shi ko ba a gan shi ba, kamar yadda muke cewa ganga ta yi amo. Shi ne ainihin abin da mai raya tsohuwar waƙa yake farauta.

Yanzu bari in nuna abin da ya sa na nace a kan “haɗi”, don a nan ne nake ganin kalmar za ta yi wa mai koyo amfani. Ɗauki ogan ɗin Hammond, wanda kusan babu ƙungiyar tsohon rok da za ta yi dare guda ba ta neme shi ba. Laurens Hammond ya fito da shi a 1935, samfurin B-3 da ya fi shahara ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1950. A cikinsa ƙananan faya-fayan ƙarfe 91 ne ke juyawa gaban maganaɗisu, kowane da amonsa. A saman maɓallai akwai sanduna tara da ake ja, kowace daga 0 zuwa 8, kowace tana zuba nata kason a cikin amon. Shi ya sa makaɗan Hammond ke rubuta haɗinsu da lambobi tara. In ka ga 888000000, ana nufin a jawo ukun farko har ƙarshe a bar sauran a ciki, kuma daga nan akasarin amon rok yake farawa. Ka ga tun a nan ma haɗawa ake yi, da hannu, kaso-kaso.

Kuma ba a gama ba. Wannan amon shi kaɗai a bushe yake. Abin da ke ba shi rai shi ne akwatin Leslie, lasifikar da Donald Leslie ya ƙirƙira, mai ƙaho yana juyawa a sama da ganga tana juyawa a ƙasa. Gudu biyu gare ta, a hankali da sauri. Daɗin yana tsakani: in makaɗi ya tura makunnin zuwa sauri, ƙahon sama mara nauyi nan take yake ɗaukar gudu, gangar ƙasa kuwa sai ta ja jiki tana biyo shi a baya, sai ka ji amon yana murɗewa yana buɗewa na ɗan lokaci kafin su daidaita. Makaɗin da ya san aikinsa a daidai shigar amshi yake tura shi. Don haka wanda ke haɗa wannan a fiyanon zamani dole ya ɗaura makunnin gudun a feda ko wani abu kusa da hannun hagu, in ba haka ba ya adana gawar amon kawai. Dole kuma ya kashe jin nauyin yatsa, don Hammond bai san an danna da ƙarfi ko a hankali ba, da feda ake ƙara shi a rage. Ga ɗan ƙas ɗin da maɓalli ke yi a farkon kowane danni, wanda masu ƙera shi suka ɗauka aibi ne, makaɗa kuma suka ƙi rabuwa da shi. In kuma waƙoƙin ƙungiyar Deep Purple za a kaɗa, sai a tuna mai ogan ɗinsu Jon Lord ya riƙa tura Hammond ɗinsa ta cikin amfilifayar Marshall irin ta masu jita har amon ya yi gurnani, don ya iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da jitar Ritchie Blackmore. Sanduna, Leslie, feda, ƙas, gurnani. Wanda ya kira duk wannan “murya” zai zaci zaɓa ake yi a cikin jeri. Wanda ya kira shi “haɗi” ya san akwai kayan haɗi, zai tambaya wanne ne babu.

Mellotron ma haka, ko da yake nasa sirrin a hannu yake. An fara ƙera shi a Birmingham ta Ingila a 1963. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren tef da aka naɗi ainihin sarewa ko goge ko muryoyin mutane, kuma zaren bai wuce kamar daƙiƙa takwas ba sai ya ƙare, sai an saki maɓallin ya koma farko. Saboda haka makaɗan Moody Blues da King Crimson suka saba da ɗaga yatsu ɗaya-ɗaya suna sauya kamu kafin zaren ya ƙare, ga amon yana ɗan rangaji saboda injin da ke jan zaren ba ya tafiya daidai cif. Wanda ya ɗauko tsaftataccen amon goge na zamani ya danne maɓallai har rabin minti, kowane maɓalli daidai ne, amma duk wanda ya san waƙar zai ji ba ita ba ce. A ganina haɗin Mellotron da bai yanke amo bayan daƙiƙa takwas ba bai cika ba, don yankewar ce ke tilasta wa hannu ya yi abin da na asali suka yi.

Wasu kuwa ba su da wuya. Amon da ke buɗe waƙar Jump ta ƙungiyar Van Halen daga na'urar ƙirƙirar amo Oberheim OB-Xa ya fito, tushen amo biyu masu kaifi da aka ɗan karkatar da ɗaya daga ɗaya don su yi kauri, matacin a buɗe. Kusan kowane fiyano na yau zai iya. Fiyanonin lantarki na Rhodes da Wurlitzer kuma a kula kar a musanya su, ƙungiyar Supertramp da Wurlitzer aka san ta.

In “haɗi” ya zauna, 'yan uwansa biyu za su samu wuri cikin sauƙi. Ɗora amo a kan amo, yadda maɓalli ɗaya zai fitar da fiyano da goge tare, ina ganin “goyo” ya dace da shi, don akwai mai ɗauka akwai wanda aka ɗauka, kuma in na bayan ya fi na gaban nauyi tafiya ta lalace. Raba maɓallai gida biyu kuwa, hagu da amonsa dama da nasa, mu ce “tsagi”. Mai kaɗa waƙoƙin The Doors ba shi da makawa sai da tsagi, domin Ray Manzarek yana kaɗa bes da hannun hagu a kan ƙaramin Fender Rhodes da ya ɗora a saman ogan ɗinsa na Vox Continental, dama kuma tana kan ogan, tunda ba su da mai bes a dandamali. Yau fiyano guda ke ɗaukar aikin biyun.

Ku gwada su a baki ku ji ko suna tafiya. “Wane haɗi ka sa a amshi?” “Haɗin nan ya yi ƙasa da yawa, yana shiga gonar mai bes, rage masa gindi.” “Tsagin ya faɗo a tsakiyar kamuna, matsar da shi hagu kaɗan.” “Jera haɗe-haɗenka yadda waƙoƙin za su biyo juna, mai ganga ba zai jira ka ba.” Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin waƙa da waƙa ƙidaya huɗu kawai mai ganga zai buga da sandunansa, a cikinta makaɗi zai bar ogan ya koma Mellotron. Tun da tsarin MIDI, wanda na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, ya fito a 1983 ana iya kiran haɗi da lamba, guda 128 a rukuni ɗaya, har fiyano ɗaya ya sauya wa ɗan uwansa haɗi. Amma lambar ba ta daidaita ƙarfi. Haɗin da ya yi daɗi a abin sauraro na kunne cikin ɗaki yakan nutse in jita biyu suka tashi, wani kuma ya zabura ya rufe mawaƙi, don haka a wurin gwaji, da cikakkiyar ƙungiya, ake ƙarasa kowane haɗi.

Saura guda ɗaya da nake so masana su sa baki. Akwai wanda fiyano ke zuwa da shi daga masana'anta, akwai wanda makaɗi ya zauna ya yi da kansa. Na farkon ina cewa “haɗin kamfani”, na biyun “haɗin hannu”. Na biyun ne nake ɗan jin nauyinsa, don “haɗin hannu” ya yi kusa da haɗa hannu na taimakon juna, kar mai karatu ya ɗauka mutum biyu ne suka yi shi. “Haɗin kai” ya fi shi rikici. “Haɗin gida” fa? Malamai da makaɗa, wanne ya fi zama a kunnenku?