Miyar Tom Yum ta yi min ɗaci, ina na kuskure?

Maman Sadiƙ, Samaru:
Assalamu alaikum. Tunda maigidana ya dawo daga sarin kaya a Bankok ba shi da zance sai wata miyar Tailan wai ita Tom Yum. Ya ce ruwa-ruwa ce kamar farfesu, ga yaji ga tsami, da jatan lande a ciki. Ranar Asabar na ce bari in gwada. Na zuba citta da attarugu da albasa, na matse lemun tsami huɗu, na bar ta tana tafasa kusan minti 20. Wallahi ɗaci kamar na dafa shuwaka. Cokali biyu ya sha ya ajiye, bai ce uffan ba, shirun nan ya fi min ciwo. Don Allah ku taimaka.

Anti Bilki, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, lemun ne ya ɓata miki aiki. Ba a tafasa shi, sai kin sauke tukunya sannan ki matsa, ki kuma tsince 'ya'yan. Ƙamshin miyar kuma daga abu uku yake: ciyawar nan mai ƙamshin lemu da muke sa wa a shayi, amma farin gindinta ake so, a ɗan daddaka shi, ba ganyen ba, sai galangal, ɗan'uwan citta, sai ganyen wani lemun mutanen Tailan mai kurajen ɓawo, da hannu ake yaga shi. Gishirinta daga ruwan kifin da suke tsimawa ne, nam pla. Ni da citta kaɗan da ganyen lemun bayan ɗakina nake yi, ba ta kai tasu ba, amma yara na lashe kwano.

Malam Habu, Kongo:
Hajiya, tambaye shi wacce ya sha, don iri biyu ce. Akwai nam sai mai ruwa garau, akwai nam khon da ake sa wa madarar gwangwani da soyayyen barkono. Mai jatan landen ce UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin al'adun duniya a Disamban 2024.

Ummi, Sabon Gari:
Jatan lande a Zariya ai sai mai hali. Sayi karfasa ɗanya kawai, su ma suna yi da kifi. Amma kar ki kuskura ki sa daddawa, na taɓa yi.

Maman Sadiƙ, Samaru:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, ya ce ja-ja ce mai ɗan kauri, ke nan mai madarar ce. Anti Bilki, a ina zan samu gindin ciyawar? Mai shayin layinmu busasshen ganye kawai yake da shi.