Nakawut a unguwa: yaya za a yi da kare da tumaki da kaji a daren sabuwar shekara?

Mai-Kiwo Tumfure:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen shekara ya zo, yara sun fara buga nakawut, abin wasan wutan nan mai fashewa da ƙara, tun daga magariba a nan Gombe. Gida ne mai kare ɗaya na gadi, raguna uku a turke da kajin buroila ɗari biyu 'yan mako biyar. Wai da gaske haramcin nakawut ɗin yana aiki, kuma wa ake kai wa ƙara? Sannan me ya kamata a tanada wa dabbobin kafin daren 31 ga wata, tunda ranar abin ya fi tsanani?

Ɗan Bolari:
Wa'alaikumus salam Malam. Rundunonin 'yan sanda na jihohi kan fitar da sanarwar hana sayarwa da buga nakawut gab da Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma dalilinsu ba ƙarar kaɗai ba ce. Ƙarar tana kama da ta bindiga, ɓata-gari na fakewa da ita, jama'a kuma su firgita su yi ta gudu babu dalili. Ga kuma gobara. A ranar 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin Jankara da ke Legas, wutar ta ci gidaje da shaguna.

Amma fa sanarwa daban, aiki da ita daban. Bin yaro ɗan shekara goma a lungu wahalar banza ce. Mai shagon da ke sayarwa shi ne tushen. A fara da mai unguwa ya yi masa magana, in ya ƙi ji sai a kai batun ofishin 'yan sanda na yankin. In wuta ta tashi, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana nan take.

Yanzu hunturu ne, komai ya bushe. Harawa da karan dawa da aka jibge kan rumfa ko katanga su ne farkon abin da ke kamawa, don yara cilla abin suke yi ta sama su ruga. A sauke su a shigar ɗaki mai rufin kwano. A ɗauke jarkar fetur daga tsakar gida, a janye janareta daga jikin zana, a ajiye bokiti biyu na ruwa da ɗaya na yashi kusa da turke.

Likitar Dabbobi:
Malam, ƙarar da kanta ba kasafai take kashe dabba ba. Abin da ke kashewa shi ne igiya da kusurwa da ƙarfen da dabbar ta ci karo da shi garin gudu. Don haka aikin duk kafin magariba ake gama shi.

Kajin su ne abin tsoro a nan. Buroila ɗan mako biyar ya yi nauyi, numfashinsa ma da ƙyar. Da an yi ƙara sai su ruga gefe guda su hau kan juna a kusurwa, na ƙasa su shaƙe cikin 'yan mintuna. Da safe a tarar da su a jibge a lungu, mai kaji ya ɗauka cuta ce ta shigo. Maganinsa a kashe kusurwoyin huɗu: a lanƙwasa katako mara kauri ko kwali mai ƙarfi, tsayinsa kamar rabin mita, a kafa a kowace kusurwa ta zama zagaye. Kada a kashe fitila gaba ɗaya a daren. A bar haske kaɗan, don walƙiyar nakawut cikin duhu ta fi firgita su. A kunna rediyo a ɗakin da matsakaiciyar murya tun kwana uku kafin ranar su saba. Tsakanin ƙarfe 11 zuwa 1 na dare wani ya zauna kusa, in sun cunkushe ya shiga a hankali ya watsa su da hannu, ba da ihu ba. Labulen buhu kuwa kada a rufe ruf saboda ƙara, iska ta fi muhimmanci.

Raguna: a duba ɗaurin wuya. In kullin zarge ne, rago na fizga yake matsewa. A canza zuwa kullin da ba ya zamewa, a bar sararin yatsu biyu zuwa uku tsakanin igiya da wuya. A raba turakun yadda igiyoyi ba za su sarƙe ba. In akwai garke mai ƙofa, sakinsu a ciki ya fi ɗauri. A kwashe tsohon langa-langa da ƙusoshi da fasasshen kwano daga wurin, a zuba musu harawa da dusa da yamma, dabba mai tuƙa ta fi natsuwa.

Kare yana jin sautin da kunnen mutum ba ya kai wa, shi ya sa tun kafin ka ji komai ka ga yana haki, jiki na rawa, miyau na dalala, wani har fitsari. A ba shi abinci da wuri, ya zagaya ya yi bayan gida kafin duhu, sannan a sa shi a shago ko wani ɗaki na ciki mai ƙofa, da ruwan sha da tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai. In ya shige ƙarƙashin benci a ƙyale shi. Kada a bar shi da sarƙa kusa da katanga: kare a firgice kan yi tsalle ya tsallaka, sarƙar ta rataye shi. Duka ba ya hana haushin, ƙara tsoron yake yi. Yara ma su nisance shi a daren, kare mai tsoro yana cizon wanda ya sani.

Baba Mai Doki:
Hajiya likita ta yi bayani. Ƙarin da zan yi shi ne sabo. Dawakan hawan sallah suna tsayawa cak 'yan bindiga na harbi a gefensu, ba don an haife su haka ba, saba musu aka yi sannu a hankali. Kare ma haka. A samu sautin nakawut a waya a kunna ƙasa-ƙasa lokacin da yake cin abinci, minti biyar zuwa goma kullum, a riƙa ƙara murya kaɗan bayan kwana biyu ko uku. Da ya daina ci ya miƙe kunne, an yi sauri, a koma baya. Sai dai aikin makonni ne, bana lokaci ya ƙure, a ajiye shi don babbar sallah da bukukuwan aure. Wasu kan ce a ba kare ƙwayar barci kawai a huta. Hajiya, me kika ce?

Likitar Dabbobi:
Baba, a'a. Maganin mutane ba a ba dabba da ka. Farasitamol yana kashe kyanwa ko da kaɗan ne, ibufurofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare. Ko maganin dabbobi da ake kira acepromazine ba shi ne ya dace da wannan ba, jiki yake kashewa ya bar tsoron, karen na jin komai amma ya kasa motsi. In tsoron ya kai yana fasa ƙofa ko jin wa kansa ciwo, a kai shi asibitin dabbobi a auna nauyinsa a rubuta abin da ya dace, a gwada kwana ɗaya ko biyu kafin daren. Da safe kuma a share tsakar gida da ƙofar gida kafin a saki dabbobi. Ragowar nakawut akwai albarushi da sinadarai masu guba, akuya da ɗan kwikwiyo ba sa barin komai a ƙasa.

Nas Jekadafari:
A tuna da yaran su ma. Sau da yawa raunin daga nakawut ɗin da bai tashi ba ne: yaro ya kyasta, ya ji shiru, ya koma ya ɗauka ya leƙa. Wanda bai tashi ba a bar shi minti 20, a kwara masa ruwa, a ɗauke da shebur. Ɗan tsinken nan mai tartsatsi da ake ba ƙananan yara ana ganin ba komai ba ne, zafinsa ya haura digiri 1,000.

In an ƙone, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko baƙin mai. Ƙunar fuska ko ta yatsu, ko wadda ta kai faɗin tafin hannun yaron, asibiti kai tsaye. In ido ne kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga. A kifa ƙaramin kofi a kan idon a ɗaure shi yadda ba zai danne ba, a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya a daren, kada a jira gari ya waye.