Matambayi ba ya ɓata: har da wutsiyar ko ban da ita?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya muka haura sama da Yayana. Ina zuwa ajin Turanci na yamma, malami ya ja mini jan biro a kan "borrow me your pen". Da na dawo na tarar da Yaya a majalisa, na tambaye shi ina laifin jimlar, tunda shi ya yi jami'a. Ya yi banza da ni. Da dare ya hau ni da faɗa wai na zubar da mutuncin gida a gaban abokansa. Na ce ai matambayi ba ya ɓata. Ya ce, "Ƙarasa mana, sai dai asirinsa ya tonu." To wannan wutsiyar ta asali ce? Kuma maganar yabon tambaya take yi ko kashedi?

Bakatsine: Asirin wa ya tonu a nan? Ni dai ina zargin Yaya ma bai san amsar ba.

Malamar Firamare: Ƙanena, malaminka na da gaskiya. Borrow na mai karɓa ne, lend na mai bayarwa. "Lend me" za ka ce. Abin da ke kayar da mu, muna cewa na ara masa, kuma na ari nasa, duk da kalma ɗaya. Haka yarana ke rubuta mini "I hear smell" saboda ji, ko su sha magani da drink alhali ƙwaya ce. Amma mu ma mun fi su wani wajen, don mun raba aro da rance, su kuwa borrow ɗin nan ita ce ta biro, ita ce ta kuɗi.

Bakatsine: Manyanmu kam sun ƙware a borrow. Darasin biya ne ba su zo aji ranar ba.

Malam Na Tudu: A koma kan magana. Wutsiyar ba kashedi ba ce. Farashi ne ake gaya maka: za ka isa inda za ka, amma kowa zai san kai baƙo ne. Bargery da ya fitar da ƙamus ɗin Hausa a 1934, ba tambayar mutane ya yi ta yi ba? Wa ya ce ya zubar da mutunci?

'Yar Damagaram: Malam, shi Bature ne, in ya yi tambaya a ce yana bincike. Kai ka yi, a ce baƙauye. Mu nan da Faransanci ma wannan aron ne ke ba mu kashi, prêter da emprunter. Ni ban taɓa jin wutsiyar a gidanmu ba sai da na zo Kano.

Uwar Biyu: Ku tsaya ku ji ta kakata, Allah ya jiƙan ta. Lokacin canjin kuɗi na 1984, da soja suka sauya launin takardun naira, kwanaki kaɗan aka bayar. Iya tana da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na shekaru, a ƙulle cikin tsumma, a cikin tukunya, a ƙarƙashin gadon ƙarfe, an jera kwanonin samira a gaba. Ba wanda ya sani, har Malam mijinta. Kullum ta ce ba ta da ko sisi. Ta ji rediyo na ta magana amma ba ta gane ko nata ya shafa ba. Ta tambayi wa? Kishiyoyi biyu ga su nan kunne a miƙe. Sai ta kira kawuna, yana ɗan sakandare, ta ce, "Kai ɗan boko, wata ƙawata ce ta ce in tambaye ka, in mutum na da kuɗi a tukunya fa?" Ya ce, "Iya, ƙawar taki nawa gare ta?" Ta ce, "Ban ƙirga ba tun bara." Shi ke nan, kafin la'asar gida ya ɗauka.

Ɗan Fagge: An canza mata?

Uwar Biyu: An canza. Malam ya bi layin banki kwana biyu, ya dawo ya ce a ba shi rance. Har ya rasu tana bin sa. In an yi mata wannan karin maganar sai ta ce wanda ya yi shi bai da miji.

Bakatsine: Malam ya yi borrow ke nan. Da yana raye da na ba shi takara.

Malam Na Tudu: To ga shi, ba ta ɓata ba.

'Yar Damagaram: Kuɗin fa? Su ai sun ɓata.

Malamar Firamare: Uwar Biyu, gyaɗar a turmi take daka ta ko lokacin inji ya zo unguwarku? Ƙuli-ƙulin yanzu duk ba ya ƙamshi.

Ɗan Fagge: Yaya ya turo mini saƙo yanzu, wai in ara masa caja. Da Hausa ya rubuto.