Cuku ya gagari wuƙa, ku taimaka mini

Salamu alaikum ƴan uwa. Ran Asabar bayan la'asar abokan aikina su 8 za su zo gidana nan Yamai, hira ce kawai da shayi, ba girki. Sai na ce bari in jera musu cuku iri-iri a faranti guda.

Gwaggona ta aiko mini da cuku daga Abalak, na nonon shanu, fale-fale, busasshe ƙayau. Ina ɗora wuƙa sai ya tarwatse, rabi a tire rabi a ƙasa. Na gasa ɗaya a garwashi, ya yi ƙamshi har maƙwabciyata ta leƙo, amma da ya huce sai ya koma kamar fatar ganga. In gasa shi gaban baƙi ne, ko akwai dabarar tausasa shi tun da wuri? Wata ta ce in yayyafa ruwa in rufe da tsumma, ni kuwa tsoron tsami nake.

Na kuma sayi camembert, wani cuku mai laushi ɗan Faransa, da tsadarsa, wallahi har yanzu raina bai huce ba. Wancan shi kuma zafin garin nan ba ya ragar masa, yana fita daga firiji ya fara malala, ga wuta ana ɗaukewa. Minti nawa kafin zuwansu zan fitar da shi?

Dabino, gyaɗa da burodi na tanada. Maigida ya dage sai an haɗa da kilishi. Yajinsa ba zai danne ɗanɗanon cukun ba kuwa?