Mai haƙuri shi kan dafa dutse: to wane ne dutsen?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a barkanmu da war haka. Ku raba mana gardama don Allah. Matar kawuna shekara huɗu ke nan tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, hawan jini ne ya kayar da ita. Kawu ne ke komai: wanka, canjin zani, juya ta cikin dare kada bayanta ya yi gyambo, ba ta kunu a baki. Ranar Lahadi a coci lokacin shaida sai ya miƙe yana murmushi, ya ce yana godiya ga Allah don a makon nan ta riƙe cokali da kanta har sau uku. Fasto ya ɗora da cewa, "Kun gani? Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa." Ana tashi sujada Anti, ƙanwar matar, ta tare shi a bakin ƙofa: "Wato yayata ce dutsen?" Har yau gidan biyu ba sa gaisawa sosai. Fasto ya yi kuskure ne, ko Anti ce ta ɗau zafi?

Maman Biyu: Ni fa ina bayan Anti. Mace ta haifa maka yara, ta ci wuya da kai, ranar da ta kwanta a ce dutse ake dafawa? A gaban ikilisiya kuma?

Malamin Lissafi: Haba Maman Biyu. Dutsen ciwon ne. Wa ya taɓa jin an fassara karin magana kalma da kalma? In an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai ki tashi neman wane?

Maman Biyu: Malam, mai ciwo da danginta ba lissafi suke yi ba. Kunne ya ji, zuciya ta ɗauka.

Bakatsine: Ni Musulmi ne amma ku bari in sa baki, tunda karin magana gadon kowa ne. Matsalata da romon ne. Dutse ba ya dahuwa, kowa ya sani. Abin da ake nufi, in ka jure za ka ga sakamako a ƙarshe. To shi kawun naka ai bai jira ƙarshe ba, tun yanzu yake murna. Ina ga maganar ba ta hau kansa ba sam.

Dattijo Mai Sanda: Bakatsine ka taɓo wurin. Abin da kawun ya yi yana cikin 1 Tasalonikawa 5:16-18, inda aka ce a yi murna kullum, a yi godiya cikin kowane hali. Cikin hali aka ce, ba a ce sai an fita daga halin ba. Bulus ma yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa su yi farin ciki. Shi haƙuri cije baki ne, kana duban hanya. Fasto ya ɗauko hular haƙuri ya sa wa mai godiya.

Mai Shayi: Mu dai tun 2023 da aka cire tallafin mai ake ce mana mu ƙara haƙuri. Dutsen na kan wuta, gas ya gagara, gawayi ya gagara, yanzu da kara muke hurawa. Masu cewa mu yi haƙurin kuwa ko atishawa suka yi sai Landan.

Malamin Lissafi: Kai Mai Shayi, su ne ke shan romon ai. Kai naka tsaron tukunya.

Jikar Kaka: Ku bari in ba ku labarin kakata, ku yanke da kanku. Kakana kuturta ta kama shi yana da ƙarfinsa, aka kai shi asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, lokacin 'yan mishan na SIM ke riƙe da wurin. Danginta suka ce ta dawo gida, tana da ƙuruciya, wani zai aure ta. Ta ƙi, ta ɗaure kayanta ta bi shi. Can ma suka zama Kirista su biyun.

Ni na tashi na same shi yatsunsa na hannu saura kaɗan. Cutar ta warke da magani amma abin da ta ci ba ya dawowa, kuma ba ya jin zafi a tafin ƙafa. Zai taka ƙaya ya yini da ita bai sani ba. Kowane dare Kaka za ta kawo ruwa a kwarya ta jiƙa masa ƙafa, ta kusanto da fitilar ƙwai, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, sannan ta shafa man shanu a inda ya tsage. Kyanwa ma ta ajiye a ɗakin musamman, don ɓera kan ciji yatsar mutum yana barci bai farka ba. Cokali kuwa da tsumma take ɗaura masa a hannu, ta ce namiji ya ci tuwonsa da kansa.

Tana yi tana waƙar coci, tana yi masa tsiya. In ya ce miya ta yi gishiri sai ta ce, "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Kai ina naka kuɗin?" Su kwashe da dariya har maƙwabta su leƙo.

Abin da ya sa na kawo labarin: in mata suka zo suka ce, "Sannu da haƙuri, Iya," ranta ɓaci yake. Sai ta ce, "Haƙurin me? Haƙuri da kishiya ake yi. Wannan mijina ne."

Maman Biyu: Allah sarki Iya. Wannan magana ta fi wa'azin wani.

Jikar Kaka: Amma kada ku ɗauka waliyiya ce. Na taɓa kama ta a bayan rumbu tana kuka da gefen zani a baki don kada ya ji. Na taɓa ganin ta yi jifa da kwaryar ruwan ma, ranar da ya fita gona ba takalmi bayan ta hana shi. Da yamma ta ɗinke kwaryar, ta sake kawo ruwan. Addu'arta ta dare ba ta canzawa, sai ta lissafa abin da ya rage: ido biyu, kunne biyu, bakin faɗa. Wai bakin faɗan ma a gode.

Bakatsine: A wajenmu ana ba da labarin matar Annabi Ayuba da ta tsaya masa har ya warke, ana kafa misali da ita. Kakarki irin wannan ce.

Dattijo Mai Sanda: Mu kuma a Ayuba 2:9 matar ce masa ta yi ya zagi Allah ya mutu. Ni dai ban cika zarginta ba. Wanda bai yi jinya ba shi ke saurin zarginta.

'Yar Zumunta: Baba Dattijo na gode da wannan. Abin da ke damuna a cocinmu shi ne, an mai da murna kamar dole. Muna zuwa gaisuwar marasa lafiya da Zumuntar Mata, mai jinya ta buɗe baki ta ce "na gaji", sai a rufe ta da aya. Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. In mutum ya yi godiya daga zuciyarsa kamar kawun nan, madalla. Amma kada a ɗauki shaidarsa a doki wata da ita. Kuma masu cewa amin da ƙarfi, nawa ne suka taɓa cewa, "Kawu je ka kwanta, ni zan kwana da ita yau"?

Mai Shayi: Ko su saya masa pampas na manya. Ku je kemis ku tambayi kuɗin leda ɗaya, ku dawo mu yi maganar romo. Wani ya zo unguwarmu lokacin kamfe ya raba keken guragu biyu, mai hoto ya fi goma.

Malamin Lissafi: Amma fa har yanzu ba wanda ya rushe maganata. Cokali uku da ta ɗaga, ba romon ba ke nan? Shekara huɗu ana gashi ana motsa hannu, ga shi dutse ya fara laushi. Fasto yana da gaskiya.

Maman Biyu: Ka ga ka dawo ka ce ita ce dutsen!

Malamin Lissafi: Hannun nake nufi, Hajiya.

Maman Biyu: Ni ba Hajiya ba ce, kuma hannun jikin wa yake?

Ɗan Tudun Wada: Ku tsaya ku ji. Jiya na je gidan, na karanta musu abin da kuka rubuta. Kawu ya ce shi bai ma ji abin da Fasto ya faɗa ba, hankalinsa na kan ya koma gida kafin kunu ya huce. Mama kuwa, da bakinta da ya karkace, ta nuna shi da hannun mai lafiya ta ce, "Shi ne dutsen. Shekara talatin ina dafawa." Kawu ya yi dariya har da hawaye. Anti dai ta ce ita har yanzu sai Fasto ya zo ya ba da haƙuri.

Bakatsine: To ga wani haƙurin kuma. Wannan a wace tukunya za a sa shi?

Jikar Kaka: Ɗan Tudun Wada, a gaishe da Mama. Wace katifa take kwana a kai? In ta soso ce ta lotsa, ku duba ƙugunta da dugaduganta kullum, nan gyambon ke fara fitowa.

Mai Shayi: Wai nawa buhun gawayi a wajenku yanzu? Nan an ce sai an ƙara.