Wai ɗan mitsitsin kare ma kare ne?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Karyar wata ƙawata da ke Nassarawa GRA ta haihu, irin 'yan ƙananan nan masu gashi buzu-buzu da ake kira Lhasa. Ta ce in zo in ɗaukar wa yara ɗaya. Ni fa a ganina wannan bai kai a ce masa kare ba, da kaɗan ya ɗara kyanwa. Ba ya bin bola, ba ya yawon unguwa, a kan kujera yake kwana.

Gwaggo: A kan kujera? Wadda baƙi ke zama, kusa da inda kike shimfiɗa sallaya? Auta ki rufa mana asiri.

Yaya Babba: Gwaggo, a yi haƙuri, amma mu 'yan Malikiyya ne, kuma a wajen Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya ne suka ɗauke shi najasa mai kauri.

Kawu: Ka yi karatu, amma ka tsaya a rabin shafi. Tsarkin jikinsa mas'ala ce daban, ajiye shi a gida mas'ala ce daban. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi (wani ma'auni na lada) ɗaya, a wata biyu. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, ma ta hana ajiye shi a gidajen birni. Ban ga inda aka ce sai ya kai kilo kaza ba.

Yaya Babba: To ai Kawu, mai Risalar da kansa, Ibn Abi Zaid, an ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi kare ya ajiye, har ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Kuma shi Lhasa asalinsa daga Tibet ne, aikinsa a can gadin cikin gida, da ya ji motsi sai ya sa haushi.

Kawu: Shi don tsaro ya yi, katangarsa ta faɗi. Ta gidan Auta tana nan har da waya a samanta. Koma ka karanta saƙonta: wa yara ta ce, ba wa ɓarayi ba.

Anti Dakta: Na bar wa Kawu hukunci, ni ga abin da nake gani a wajen aikina na likitar dabbobi. Ƙanƙantarsa ba ta kare shi daga ciwon haukar kare. Dole a yi masa allura yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duk ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana sai dai addu'a. Ko yaƙushi ya yi wa yaro, a wanke da sabulu a ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Sai zafinmu. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, ga gashi har ƙasa, ga Afrilun Kano da ke haura digiri 40, ga wuta a ɗauke. An taɓa kawo mini wani, harshe a waje, gashin ya cukurkuɗe kamar tsohuwar tsumma, da na buɗe kunnensa kaska ce jere kamar an zuba ridi. Masu shi sun saye shi ne don kwalliya, ba wanda ya san ana taje shi kusan kullum. Kuma yakan kai shekara 12 zuwa 15. Ɗanki mai shekara huɗu zai gama sakandare yana nan.

Auta: Shekara 15? Ni na ɗauka abin shekara uku ne zuwa huɗu.

Yaya Babba: Duk da haka ban ga laifin yaro ya tashi da tausayin dabba ba. An gafarta wa mutum don ya shayar da kare ruwa.

Kawu: Shayar da shi ya yi a bakin rijiya, bai kai shi ɗaki ba.

Gwaggo: Kyanwata ta haifi huɗu a bayan randa. Ki turo a ɗaukar miki mai tozali a ido.

Anti Dakta: Ita ma a kawo ta allura, Gwaggo, kyanwa na ɗaukar ciwon.

Auta: Bari dai in fara yi wa babansu maganar tukuna.

Gwaggo: Au, duk wannan surutun mai gidan ma bai sani ba?