Kwanon da ke riƙe ɗumin kumfar aski: wa ya taɓa gwada shi a sanyin Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinmu, kuma tun lokacin ni ke yi mashi aski duk Juma'a da safe. In sauke gashin kai, in gyara kumatu da wuya, gemu dai ba a taɓawa. Da bazara babu wata damuwa. Amma tun da hunturu ya kankama a Disamba abin ya koma mani wahala. Nakan dafa ruwa in kaɗa kumfa da burushi a kofi, shafin farko lafiya lau, amma kafin in gama gefe ɗaya na kai in koma ɗebowa, kumfar ta yi sanyi kamar ruwan randa. Baba ba ya iya magana sosai yanzu. Sai dai in ga ya janye kai ya runtse ido, kuma wallahi wannan runtsewar takan tsaya mani a rai har dare.

Na ga wani kwano a intanet, Turawa na ce mashi sikatul, wai ana zuba mashi ruwan zafi a ciki ya riƙe kumfa da ɗuminta. Akwai wanda ya taɓa amfani da shi? Wane iri ne mai sauƙin kuɗi da ba zai ba ni kunya ba? Albashina na ƙaramin ma'aikaci ne, kuma magungunan Baba suna gaba da komai.

Injiniya, Layout:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Ina da shi, wannan ma na biyu ne. Kwano ne mai ciki biyu, kamar an saka ƙaramin kwano cikin babba aka haɗe bakinsu. Tsakaninsu fili ne, da ɗan baki a gefe irin na buta, ta nan kake ɗura ruwan. Ruwan ba ya taɓa kumfar, jikin kwanon yake ɗumamawa. Asalinsa daga wajen Turawa ne a ƙarni na 19, lokacin da gidaje ba su da famfon ruwan zafi, sai mutum ya ɗebo daga murhu ya tafi da shi wajen madubi. Ka ga kenan halin da muke ciki ne ya haife shi.

In za ka saya, abin da na koya da kuɗina shi ne ka duba faɗin bakin kafin kyansa. Wasu an yi su ne don a jingina burushi kawai, ba ka iya juya hannu a ciki. Nemi wanda tafin hannunka zai kusa shiga, mai ɗan tudu-tudu a ƙasan ciki, don shi ke saurin tayar da kumfa. Ya kasance yana da mariƙi, saboda hannu mai sabulu da tangaran ba su jituwa. In yana da abin toshe bakin ruwan, ya fi daɗewa da zafi.

Na farkon da na saya bai yi wata biyu ba. Wata asuba a Janairu na ɗauko shi daga bayi inda ya kwana cikin sanyi, na ɗura mashi ruwa yana tafasa, sai na ji ƙas, ya tsage daga baki har gindi. Laifina ne. Tangaran mai sanyi ba ya ɗaukar tafasasshen ruwa kai tsaye, sai an fara ɗauraye shi da mai ɗumi. Batun kuɗi kuwa, ban taɓa cin karo da shi a kasuwa nan Katsina ba, odarsa na yi daga waje, kuma kuɗin kawowa ya fi na kwanon.

Wanzami, Daura:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni a gidan aska aka haife ni, zabirar da nake ratayawa ta kakana ce. Yaron wajena ke rubuta mani wannan, ni ke faɗa.

Kwanon da Injiniya ya kwatanta ban taɓa ganinsa ba, ban kuma raina shi ba. Amma bari in tambaye ka: ƙarfe nawa kake yi wa tsohon aski? In da sassafe ne, to nan ne rabin matsalar. Mu da sanyi ba mu ɗora wa dattijo aska sai hantsi ya dubi ludayi. A nemi jikin katanga inda rana ke bugawa iska ba ta ratsawa, a shimfiɗa tabarma, a lulluɓe mashi kafaɗu. Juma'a ce, kana da lokaci har zuwa sha ɗaya.

Na biyu, ba kumfa ke tausasa gashi ba, ruwa ne. Iyayenmu da ruwan ɗumi da tafin hannu kawai suke aski, su yi ta murza kai har gashin ya sha ya kwanta, sannan aska ta bi kamar a kan man shanu. Jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora mashi a kai minti biyu zuwa uku. Kada ka shafe kan duka da kumfa a tashi ɗaya, iskar hunturu za ta busar da ita kafin ka iso. Shafa gwargwadon tafin hannu, ka aske, ka goge, ka matsa gaba.

Kumfar kuwa, abin da nake yi wa manyan da nake zuwa gidajensu shi ne in tafi da filas. In zuba ruwan a langa, in tsoma ɗan kofin tangaran a tsakiya, in kaɗa sabulun cikin kofin. In ruwan ya huce in zubar da rabi in ƙara daga filas. Shekara da shekaru haka nake yi.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:
Baba Wanzami ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: kada ka yi da kwanukan silba biyu. Na gwada, da farko ba ya taɓuwa don zafi, kumfar ta narke ta koma ruwa, bayan ɗan lokaci kuma ya yi sanyi gaba ɗaya. Na ciki dai ya zama tangaran mai kauri.

Malamin firamare, Ƙofar Guga:
Ni kuma tawa dabarar ce ta kai ni ta baro ni, bari in faɗa don kada wani ya maimaita. Da na ga hoton kwanon sai na ce ai muna da magina, me zai sa in tura kuɗi waje? Na zana shi a takarda na kai wa wata dattijuwa mai ginin tukwane, ta dube shi ta ce za ta iya. Kuma ta iya, ta fitar da shi da bakinsa da mariƙinsa, na yi ta murna.

Ranar da na fara amfani da shi na gane inda na yi kuskure. Kasko irin namu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta jikinsa iska tana ɗauke shi, shi ya sa randa da tulu ke sanyaya ruwa. To abin da ya yi wa ruwan zafina ke nan, ga kuma iskar hunturu busasshiya tana taimaka mashi. Ban da haka yana shanye sabulu, bayan mako biyu ya fara wani wari da wanki ba ya fitarwa. Aikinta ba shi da aibi, ni ne na nemi yumɓu ya yi abin da ba halinsa ba. Sai irin wanda aka yi wa shafen nan mai santsi da sheƙi aka gasa da wuta mai ƙarfi, kamar aikin da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta yi suna da shi a Suleja. Yanzu kaskon yana tsakar gida, maiɗakina ta shuka na'ana'a a ciki.

Injiniya, Layout:
Baba Wanzami, ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma a yi wa kwanon adalci. Kofi cikin langa yana yawo, in ka matsa burushi sai ya karkata ruwa ya shiga kumfar. Wanda ke riƙe kan mara lafiya da hannu ɗaya yana aiki da ɗayan zai ji daɗin abin da ke zaune daram. Wannan kaɗai ne fifikonsa a wajena. Zafin dai duk ɗaya ne.

Malamin kimiyya, Batagarawa:
Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi da farko, har da ni: zaton cewa in ruwan ya fi zafi kumfar za ta fi daɗi. Kumfa iska ce da aka kulle cikin siririn bangon ruwa da sabulu. Zafi mai yawa yana sa ruwan bangon ya tashi, ƙwayoyin su faffashe, ka koma ka tarar da ita ta bushe a jikin kwano kamar ƙanzo. Surka ruwan har ya zama za ka iya barin yatsanka a ciki ba tare da ka janye ba, wajen digiri 45 ke nan. Jikin mutum digiri 37 ne, abin da ya ɗara haka kaɗan fata za ta ji shi da ɗumi.

Sannan ku lura da ruwan kansa. Lokacin da nake zaune a gidan da muke shan ruwan burtsatse mai zartsi, na canza sabulu har uku ina zargin jabu ne, ashe ruwan ne. Sinadaran kalsiyam da maganiziyam da ke cikinsa suna kama sabulu su hana shi kumfa, shi ne farin dattin nan da ke kwanciya a gefen bokiti. Ranar da ruwan madatsar Ajiwa ya zo famfo ko na fasa ruwan leda ɗaya, sabulun nan dai sai ya yi kumfa har ta zuba. Ruwan langa na waje kowane iri ne ya yi, na jiƙa burushi shi ne abin kula.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:
Tunda an ambaci burushi, a riƙa karanta kwalinsa. Da yawa daga masu arahar da ake haɗawa da irin waɗannan kwanuka gashin alade ne, akwai na gashin doki, akwai na wata dabbar daji mai tsada, akwai na roba. Hukuncin na malamai ne, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, na koma na roba. Ya fi sauƙin kuɗi, ba ya buƙatar a jiƙa shi ya daɗe, kuma yana bushewa da wuri.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Yaya, don Allah ka karanta wannan kafin Juma'a. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa ba ya jin zafi sosai a gefen da ciwon ya taɓa. Sanyin da kake gani yana janye kai a kansa, a lafiyayyen gefen yake jinsa. A ɗaya gefen kana iya ɗora mashi tawul mai ƙuna bai motsa ba. Na ga irin haka da idona a wajen aiki, kuma masu jinyar ba mugunta suka yi ba, tausayi ne ya sa su ƙara zafin ruwan. Fatar tsoho siririya ce, ruwa mai digiri 60 yana ƙona ta cikin daƙiƙa kaɗan. Duk abin da zai taɓa shi, tawul ko kumfa, fara ɗora shi a cikin wuyan hannunka.

Ka kuma duba magungunansa. In yana shan asfirin ko wani mai tsinka jini, ɗan yanka kaɗan zai daɗe bai tsaya ba. Irin waɗannan mun fi son a yi masu da kilifa, in kuma dole sai reza, to sabuwa kowane mako, tasa shi kaɗai, a bi yadda gashin ya kwanta.

Hajiya, Sabuwar Unguwa:
Maigidana ɗan sanda ne, dole kullum ya fita da fuska fes, kuma tun duhun asuba, babu zancen jiran hantsi. Abin da na yi mashi shi ne ƙaramar kular abinci, irin ta miya. Ina zuba ruwan ɗumi zuwa rabi, in ninke tsohon tsumma in shimfiɗa a ƙasa, in zaunar da kofin shayi mai faɗin baki a kai. Tsumman ke hana kofin yawo, maganin abin da Injiniya ya faɗa ke nan. Kula an yi ta ne don riƙe zafi, ta fi langa nesa ba kusa ba, kuma in ya tsaya amsa waya sai ya mayar da murfi. Ko sisi ban kashe ba, duk daga kicin na ɗauko.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya Juma'a na haɗa shawarwarinku. Na jira har ƙarfe goma, muka fito da Baba jikin katangar da rana ke bugawa. Kular miyar Inna, tsumma a ƙasa, kofin tangaran a kai, kamar yadda Hajiya ta ce. Na duba katin asibiti, yana shan asfirin, don haka kan na sauke da kilifa, kumatu da wuya kawai na bi da sabuwar reza, ina gwada kowane shafi a wuyan hannuna. Bai janye kai ba ko sau ɗaya. Da na ɗora mashi tawul ɗin har gyangyaɗi ya fara, Inna tana bakin ƙofa tana share hawaye. Kwanon Turawa na ajiye maganarsa tukuna.

Saura abu ɗaya. Bayan na gama, fatar wuyansa ta yi fari ta bushe. Me zan shafa mashi wanda ba zai yi raɗaɗi ba?

Wanzami, Daura:
Man kaɗe, ɗana. Ɗan kaɗan, ka narkar da shi tsakanin tafukanka, ka shafa tun fatar tana da damshi. Ka gaishe mani da tsohon.